Yadda ake bin dokar shige da fice ta wata ƙasa ba tare da takardu sun lalace ba

Da yawa daga cikin waɗanda takardunsu ke lalacewa a ƙasar waje ba ta ɓarauniyar hanya suka shiga ba. Da bizarsu suka sauka, sai dai sun ɗauka biza ita ce izinin zama, alhali kowanne da aikinsa.

Mataki na farko, ka nemi dokar da ke aiki a yau. Akwai babbar doka da majalisa ta yi, akwai kuma ƙa'idojin da ma'aikata ke fitarwa a ƙarƙashinta. Birtaniya tana da dokar 1971, Amurka ta 1952, Najeriya kuwa ta 2015 da ƙa'idojinta na 2017. Babbar doka takan daɗe ba a taɓa ta ba, amma ƙa'idojin Birtaniya sukan sauya fiye da sau ɗaya a shekara, kuma a cikinsu sharuɗɗan albashi da na takardu suke. Saboda haka ka karanta shafin gwamnatin ƙasar da kanka, ka duba ranar da aka sabunta shi. Bayanin wanda ya yi tafiya shekara biyu da suka wuce ba abin dogaro ba ne, ko da ya faɗi gaskiya.

Na biyu, ka san hukumar da ke riƙe da kowane mataki. A Amurka, ofishin jakadanci ne ke ba da biza, jami'in kan iyaka ke yanke ko za ka shiga da kwanakin da za ka yi, wata hukumar daban kuma ke ƙara wa'adi. Biza tana kai ka bakin ƙofa ne kawai. Ranar fita tana cikin takardar I-94, wato takardar shaidar shigarka ƙasar, kuma tana iya cika ko da bizar tana da sauran shekaru.

Na uku, ka nemi bizar da ta dace da abin da zai kai ka. Bizar ziyara ba ta halatta aiki, kuma Birtaniya ba ta barin mai ziyara ya koma bizar aiki daga cikin ƙasar, sai ya fita. Ka duba fasfo ma: ƙasashe da dama na son ya rage masa wata 6, yankin Shengen (ƙasashen Turai da ke amfani da biza ɗaya) kuwa wata 3 bayan ranar fitarka, kuma kada ya wuce shekara 10 da bayarwa.

Na huɗu shi ne lissafin kwanaki, inda aka fi yin tuntuɓe. A Shengen, mai ziyara yana da kwana 90 a cikin kowane kwana 180, kuma ranar shiga da ranar fita duk ana ƙirga su. Wanda ya shiga ranar 1 ga Janairu, kwanakinsa sun ƙare ranar 31 ga Maris idan Fabrairu mai kwana 28 ce. Fita na kwana biyu a dawo ba ya sabunta komai, domin jami'i baya yake ƙirgawa daga ranar da kake tsaye a gabansa. Idan ka cinye 90 ɗin a jere, sai ka yi wasu 90 a waje. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ma kwana 90 ta ba ɗan yankin ba tare da biza ba. Wanda zai wuce haka dole ya nemi izini a hukumar ƙasar da yake ciki.

Na biyar, ka miƙa takardar neman ƙarin wa'adi tun izininka na da rai, ka adana shaidar miƙawa. A Birtaniya, sashe na 3C na dokar 1971 yana ci gaba da kare zaman wanda ya nema a kan lokaci har a yanke hukunci, wanda ya makara kuwa ba shi da wannan kariya. A Amurka, wanda ya zauna ba izini fiye da kwana 180 sannan ya fita, an hana shi komawa na shekara 3. Idan ya kai shekara guda, haramcin shekara 10 ne. In izininka a jingine yake da wurin aiki, ka sani barin aikin yana taɓa shi. Mai bizar H-1B, wato bizar aikin ƙwararru a Amurka, in aikinsa ya ƙare kwana 60 yake da su, ko ƙasa da haka, ya sami wani mai ɗaukarsa ko ya fita.

A kowane fom ka faɗi gaskiya, har da bizar da aka taɓa hana ka, domin zanen yatsunka na nan a rumbunsu. Idan wani ne ya cika maka, ka karanta layi bayan layi kafin ka sa hannu, don alhakin a kanka yake. Takardar bogi guda na iya jawo haramcin shekara 10 a Birtaniya, a Amurka kuma na har abada.