Yadda ake saita rauta a gida, da yadda ake gane abin da ke damunta

Kwanakin baya wata Hajiya a Aboabo, nan Gana, ta aiko jikanta ya kira ni. Gidan haya gare ta, masu haya sun yi karo-karo sun sayi rauta ɗaya, wato akwatin da ke raba intanet ta Wi-Fi, duk wata ana haɗa kuɗi a zuba data. Ina shiga tsakar gida ta ce, "Ɗana, zo ka duba mana abin nan, ya mutu, ga shi kuɗin mutane ne." Na tarar da rautar a bayan firij, an lulluɓe ta da ɗankwali wai don ƙura. Lafiyarta lau. Data ce ta ƙare tun shekaranjiya, saƙon kamfani ma yana kwance a cikinta, babu wanda ya san ana buɗewa a karanta. Rauta tana faɗin ciwonta da bakinta, sai dai a shafinta na ciki take faɗi, kuma shigarsa bai fi aikin minti biyu ba.

Fara da juya ta. A gindinta akwai takarda manne: sunan Wi-Fi, kalmar sirrinsa, adireshin shiga shafin saiti, da sunan shiga. Ɗauki hoton takardar yanzu, domin rubutun yana gogewa. Ka lura kalmar sirri biyu ce. Ɗaya ta hawa Wi-Fi, ita ake ba baƙo. Ɗaya ta shiga shafin saiti, ita ce makullin gida.

Sannan ka san irin wadda ke hannunka. Idan mai ɗaukar sim ce, irin wadda ta fi yawa a zangunanmu, gwada sim ɗin a wayarka tukuna, ka tabbata layin yana raye kuma akwai data, don tun 2023 aka rufe layukan da ba a haɗa su da Ghana Card ba. In yana tambayar PIN, cire shi tun a wayar. Kashe rautar kafin ka zura sim. Idan kuwa ta kebul ce, wayar da ta fito daga akwatin kamfani ramin WAN za ta shiga, wanda launinsa ya bambanta da na 'yan uwansa. Siririyar wayar faiba gilashi ne a cikinta: kada a lanƙwasa ta, kada kuma a leƙa bakinta da ido.

Kunna, ka ba ta kamar minti biyu ta farka. Kashe datar wayarka, ka hau Wi-Fi ɗin, ka buɗe Chrome. A layin adireshi na can sama za ka rubuta lambobin adireshin shiga da ke kan takardar, ba a akwatin binciken Google ba. Huawei masu sim galibi 192.168.8.1 ne, TP-Link da ZTE da yawa 192.168.0.1, wasu 192.168.1.1, akwatin faiba na Huawei kuma 192.168.100.1. In takardar ta goge, buɗe bayanan Wi-Fi a wayarka, lambar da ke gaban Gateway ko Router ita ce. Shafin yana buɗewa ko babu intanet sam, tunda hira ce tsakanin wayarka da akwatin da ke gabanka.

Rauta mai sim yawanci ita ke saita kanta. Wadda ke ba da wahala ita ce ta hannu da aka sayo a Adum, cikin Kumasi, ko wadda ɗan uwa ya aiko daga Italiya ko Jamus ɗauke da saitin wani kamfani na can. Nemi inda aka rubuta APN (sunan ƙofar da sim ke bi ya shiga intanet na kamfaninsa) ko Profile Management, ka buɗe sabo. Na MTN kalma ɗaya ce, internet, da ƙananan baƙaƙe, gurbin suna da na kalmar sirri a bar su fayau. Na Telecel da AT ka kwafo daga saitin wayarka lokacin da sim ɗin ke ciki. Ajiye, ka zaɓe shi ya zama shi ne mai aiki. Idan shafin ya nemi lambar buɗe kulle, to an kulle rautar ga kamfani ɗaya ne, babu APN da zai yi magani. Shi ya sa ni ba na biyan kuɗin ta hannu sai na sa sim ɗina a gaban mai shago na ga ta hau.

Mai kebul za ta tambaye ka irin haɗin, zaɓi uku. Dynamic IP shi ne na wanda ya jona rautarsa a bayan akwatin kamfani, ba a rubuta komai. PPPoE yana neman suna da kalmar sirrin da kamfani ya bayar ranar haɗi, a rubuta su harafi da harafi, babba da ƙarami. Static IP na ofisoshi ne da aka ba su lambobi na dindindin. Mai PPPoE ya yi hattara da ɗan ramin Reset na baya: tsinke ɗaya na daƙiƙa goma ya share komai, in ba ka rubuta sunan nan a takarda ba sai ka jira ma'aikacin kamfani.

Da intanet ya hau, canza kalmomin sirrin biyu. Ta Wi-Fi ba ta kasa harafi 8, kuma kada ta zama lambar wayar mai gida, duk layin sun haddace ta. Tsaro ka zaɓi WPA2 ko WPA3, ka kashe WPS, wato hanyar hawa Wi-Fi ba tare da rubuta kalmar sirri ba. In ka ga sunaye biyu, 2.4 GHz ya fi ratsa bango, 5 GHz ya fi gudu amma ba ya nisa. A gidan haya mai ɗakuna jere, na farkon ne zai kai ɗakin ƙarshe.

To ga shafin da na fi so mutane su saba da shi, wanda ake rubuta wa Status ko Device Information. Duba gaban WAN IP. In lambobi ne cikakku, kamfani ya karɓi rautarka. In 0.0.0.0 ne ko babu komai, ba ta samu shiga ba, sai ka koma kan sim, APN ko kebul. Duba kuma Uptime, wato tsawon lokacin da ta yi a kunne ba yankewa. Rautar da babu wanda ya taɓa tun safe amma ta nuna minti bakwai, ita ke mutuwa tana tashi, kuma sau da yawa caja ce ta gaji, ko soket ke rawa, ko zafi ya yi mata yawa, irin na ɗankwalin Hajiya.

Sandunan sabis da ke goshin rauta ba su cika faɗin gaskiya ba. Lambobi biyu ne abin dogaro. RSRP ƙarfin sabis ne, da alamar ragi a gabansa, don haka ƙaramar lamba ta fi: -80 madalla, -100 a lallaɓa, in ya wuce -110 sai haƙuri. SINR tsabtar sabis ne, shi kuma babba ake so: 20 garau, ƙasa da 5 bidiyo zai dinga tsayawa. Samo doguwar wayar wuta, ka ɗauki rautar ka zagaya ɗaki da ita, a kowane wuri ka dakata rabin minti ka sabunta shafin. Rufin kwano, firij da ƙofar ƙarfe duk suna tare sabis. A gidan Hajiya mun tashi daga -108 a bayan firij zuwa -91 a kan kanta kusa da taga, tazarar ba ta kai taku biyar ba. Idan lambobin suna da kyau amma bayan Isha'i komai ya yi sanyi, cunkoso ne a turken unguwa, rautarka ba ta da laifi.

A akwatin faiba fitilu ne ke magana. PON ta tsaya kore, lafiya. LOS ta yi ja, haske ba ya isowa, waya ta tsinke ko ta kwance a wani wuri, kiran kamfani kawai ya rage.

Wani lokaci WhatsApp yana tafiya amma shafuka sun ƙi buɗewa. Buɗe sashen SMS na rautar ka ga ko datar soshiyal midiya kaɗai aka saya. In ba haka ba ne, canza DNS, wato mai fassara sunan shafi zuwa lambar adireshinsa, ka sa 8.8.8.8 ko 1.1.1.1. Akwai kuma ranar da babu saitin da zai yi amfani. A 14 ga Maris 2024 manyan kebul huɗu na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, intanet ya tsinke wa jama'a a Gana da maƙwabtanta, mutane da yawa suka yi ta danna Reset a banza. Tambayi maƙwabci tukuna, in nasa ma ya tsaya, zauna ka sha shayi.

Wanda ya ga dumsor, wato yawan ɗauke wutar lantarki a Gana, ba sai an ba shi labarin wuta ba. Akwai ɗan batir na rauta da ke riƙe ta sa'o'i in an ɗauke. Karanta jikin cajarka kafin ka saya, yawanci 12V ne amma akwai masu 9V, su dace. In hadari ya taso da tsawa, zare ta daga bango.

Saura jerin na'urorin da ke kan Wi-Fi, ana rubuta masa Connected Devices ko Clients. Mutum tara ne ke biyan kuɗi a gidan Hajiya, muka ƙirga na'urori ashirin da uku, har da talabijin da babu wanda ya san ɗakin da take. Na karanto mata sunayen ɗaya bayan ɗaya, ta riƙe haɓa ta ce, "Ashe duk layin nan ni ke ciyar da su." Muka canza kalmar sirri, na sa iyakar data ta wata a sashen Statistics don ta yi gargaɗi kafin ta ƙare, na nuna wa jikan inda zai duba duk Juma'a. Sabuwar kalmar kuwa Hajiya ta sa aka rubuta mata a takarda, ta ninke ta cusa cikin lalitarta.