Darasi: Ƙidaya Ƙwayoyin Lamba a Manhajar R

Ƙwayoyin lamba su ne 0 zuwa 9. Lamba 250 tana da ƙwaya uku, 12345 kuma biyar. Da ido abin ba wuya, amma ma'aikacin da aka miƙa wa rajistar mutum dubu biyar, aka ce ya tabbatar kowace lambar NIN (shaidar ɗan ƙasa) ko BVN (shaidar banki) ta cika ƙwaya 11, ba zai bi su ɗaya bayan ɗaya ba. Nan ne R ke da amfani. Manhaja ce ta lissafin ƙididdiga, kyauta ake sauke ta, kuma Ross Ihaka da Robert Gentleman ne suka ƙirƙiro ta a Jami'ar Auckland ta ƙasar Niyu Zilan.

Hanya ta farko ita ce umarnin nchar, wanda ke ƙirga haruffan rubutu. Ku rubuta nchar(12345), ku danna Enter, za ku ga 5. Daidai.

Yanzu ku gwada nchar(100000). Amsar da ta dace 6 ce, amma 5 za ta fito. Ku rubuta nchar(1000000), nan ma 5. Dalili shi ne, kafin R ta ƙirga sai ta mayar da lambar rubutu, kuma takan zaɓi siffar da ta fi gajarta. Dubu ɗari a wurinta 1e+05 ce, wato 1 da sifiri biyar a bayansa, kuma wannan rubutun haruffa biyar ne. Abin da ke sa kuskuren nan ya yi haɗari shi ne ba kullum yake bayyana ba. Lamba 120000 za ta ba ku 6 lafiya lau, domin 1.2e+05 ta fi ta tsawo, sai R ta bar ta yadda take. Mutum na iya gwada lambobi goma duk su yi daidai, ta sha ɗaya ta ɓata masa aiki bai sani ba, don R ba ta nuna wani gargaɗi.

Maganinsa shi ne a hana ta gajartawa:

nchar(format(abs(x), scientific = FALSE, trim = TRUE))

A nan x ita ce lambar ko jerin lambobin da kuke ƙirgawa. Kowane ɓangare da aikinsa. abs na cire alamar ragi, domin nchar(-250) 4 take bayarwa, ta haɗa da ɗan layin da ke gaba. scientific = FALSE ke hana siffar 1e+05. Shi kuwa trim = TRUE, kada ku manta da shi in jerin lambobi kuke da shi. Idan babu shi, format kan cike gaban gajerun lambobi da sarari har su kamo tsawon babbar cikinsu, sai 5 da 250 da 100000 duk su fito da 6. Ku kula da gurbin da ba a cike ba kuma: R na rubuta NA a wurin, ita kuma wannan hanya za ta ƙirga shi ƙwaya 2. Ku ware irin waɗannan da is.na tukuna.

Hanya ta biyu ta lissafi ce zalla: floor(log10(x)) + 1. log10 na faɗin sau nawa za a ninka goma da kanta a kai ga lambar. Na 250 shi ne 2.39 da 'yan kai, floor ya zubar da abin da ke bayan ɗigo, saura 2, a ƙara 1 ya zama 3. Tana da sauri, sai dai tana tuntuɓe a wurare uku. Sifiri kan ba da -Inf, wato ragi marar iyaka, maimakon 1. Lamba mai alamar ragi kan ba da NaN, wato sakamakon ba lamba ba ne. Sannan idan kun rubuta 9 sau goma sha biyar, kwamfuta kan cike sakamakon ya koma 15 cif, amsa ta fito 16. Saboda haka mun fi son mai koyo ya riƙe hanya ta farko, wato nchar haɗe da format.

Sai batun lambar waya, wanda ya fi kowanne cin mutane. Lambar wayar hannu a Najeriya ƙwaya 11 ce, kuma da 0 take farawa. In kun shigo da fayil da read.csv ba tare da wani bayani ba, R za ta ɗauke ta a matsayin adadi, ta yar da sifirin farko, ƙirga ya tsaya a 10. Lambar waya da NIN da BVN shaida ce, ba a tara su ba a debe su, don haka a shigo da su a matsayin rubutu:

read.csv("rajista.csv", colClasses = "character")

Daga nan nchar kaɗai ta wadatar. Kada kuma ku sa musu as.integer, umarnin da ke mayar da abu nau'in cikakkiyar lamba, domin iyakar wannan nau'in 2147483647 ce, duk abin da ya wuce ta NA zai koma.

Aikin gwaji: ku rubuta x <- c(0, 7, -48, 200000, 123456). Ku fara rubuta amsoshinku a takarda, sannan ku gwada nchar(x), da hanyar format, da ta log10. Amsar daidai ita ce 1, 1, 2, 6, 6. Ku nuna wa malaminku duk inda wata hanya ta kauce, da dalilin kaucewarta.