Yadda za ka gane laƙabin manyan mawaƙan Indiya kafin ka sa shi a rubutun Hausa

A watan jiya ɗan ƙanena da ke karatun adabi a nan Kano ya same ni a ƙofar gida a Gwale bayan la'asar, riƙe da takardun da ya rubuta a kan mawaƙan ƙasar Hindu, ya ce in duba masa kafin ya miƙa. Ban kai shafi na uku ba na ci karo da inda ya ce Mahakavi Bharati da Mahakavi Devkota 'yan gida ɗaya ne. Na ce, "Kai yaro, wa ya gaya maka haka?" Ya ce, "Baffa, ai sunansu na farko ɗaya ne." Alhali Subramania Bharati, wanda aka haifa a 1882, mutumin kudancin Indiya ne mai waƙa da harshen Tamil, shi kuwa Laxmi Prasad Devkota a Katmandu ta ƙasar Nefal aka haife shi a 1909. Kuskuren yaron daidai yake da na baƙon da zai ɗauka duk mai amsa Alhaji a Kantin Kwari uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Tun da 'ya'yanmu da masu shirye-shiryen rediyo sun fara leƙa adabin waɗannan mutane, bayan shekarun da muka shafe muna kallon finafinansu, ya kamata a san yadda ake bi da irin wannan laƙabi.

Abin da za ka fara yi shi ne ka farke laƙabin gida-gida, domin harshen Sanskirit, tsohon harshen adabin Indiya, yana ɗinke kalmomi biyu ko uku su zama ɗaya. Saiwar kusan dukkansu ita ce kavi, wato mawaƙi ko sha'iri. Maha na nufin babba, adi na nufin na farko, raja sarki ne, guru malami, kula zuriya ko dangi, rashtra kuwa ƙasa. Da waɗannan 'yan kalmomi kaɗai za ka warware Mahakavi, da Adikavi, da Kaviraja, da Rashtrakavi, har da Kavikulaguru, malamin zuriyar mawaƙa, laƙabin da ake yi wa Kalidasa, shahararren mawaƙin Sanskirit na da, wanda har wata jami'ar koyar da Sanskirit da aka kafa a garin Ramtek a 1997 ta ɗauke shi a cikin sunanta. Akwai kuma Kavichakravarti, wanda ya fi sauran armashi: chakravarti shi ne sarkin da ƙafar keken dokinsa ke birgima ko'ina ba mai tare ta, saboda haka mai wannan laƙabi sarkin sarakunan mawaƙa ne.

Sanin ma'anar kalma bai isa ba. Mataki na biyu, wanda a ganina ya fi kowanne muhimmanci, shi ne ka tambayi kanka wa ya ba mutumin wannan suna. Bakano bai kamata wannan tambaya ta ba shi wahala ba, domin ya tashi ya san bambancin rawanin da fada ta naɗa, kamar na Sarkin Kotso ko Sarkin Taushi, da kirarin da jama'ar gari suka laƙaba wa mawaƙi don jin daɗin muryarsa, da kuma digirin girmamawa irin wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Mamman Shata har ake ce masa Dakta. Duka ukun girma ne, amma ba wanda zai ce tushensu ɗaya. Haka abin yake a can. Akwai laƙabin fada: sarki Krishna na Uku na daular Rashtrakuta ne ya kira Ponna, mawaƙin harshen Kannada, da Kavichakravarti a ƙarni na 10, kuma a fadar Shah Jahan, wanda ya gina Taj Mahal, Jagannatha ya sami laƙabin Panditaraja, sarkin malamai, duk da cewa sarkin Musulmi ne, harshen fadarsa kuma Farisanci. Akwai laƙabin hukuma ko makaranta, irin Rashtrakavi da gwamnatin Madras ta ba Govinda Pai a 1949. Sannan akwai wanda ba a san ranar da aka naɗa shi ba, zamani ne kawai ya tabbatar da shi. Babu takardar da ta ce ga sarkin da ya kira Valmiki da Adikavi, amma tun da al'adarsu ta ɗauki Ramayana, mai baiti wajen 24,000, a matsayin waƙar farko, sai mai ita ya zama mawaƙin farko. In ka rubuta cewa "an naɗa" Valmiki, ka ƙirƙiro bikin da ba a taɓa yi ba.

A nan Mahakavi yana buƙatar a ɗan tsaya a kansa, domin shi ne ya fi yawo, shi ne kuma ya fi canza launi. A tsohuwar al'adar Sanskirit yana tafiya ne tare da mahakavya, wata doguwar waƙa mai sharuɗɗa waɗanda masana irin su Dandin suka zayyana: a kasa ta babi-babi, a buɗe da addu'a ko yabo, jaruminta ya zama mai asali da ɗaukaka, a kuma siffanta birane da teku da duwatsu da fitowar rana da wata da bukukuwan aure da tura manzanni da yaƙi. Guda biyar ne suka fi shahara, biyu na Kalidasa, wato Raghuvamsha mai babi 19 da Kumarasambhava, sai na Bharavi da na Magha da na Shriharsha. Daɗewar wannan ɗaukaka ma a rubuce take a jikin dutse, domin a rubutun Aihole na shekarar 634 mawaƙin da ya tsara shi, Ravikirti, ya yi alfaharin cewa ya kamo ƙafar Kalidasa da Bharavi. To amma a ƙarni na 20 sharaɗin ya saki. Jami'ar Madras ta ba Kumaran Asan, mawaƙin harshen Malayalam, laƙabin Mahakavi a 1922 ba tare da ya rubuta mahakavya ko ɗaya ba, shi ma Bharati ya fi yin suna ne da gajerun waƙoƙinsa na kishin ƙasa. Saboda haka ka duba zamanin mutumin kafin ka yi bayani: in na da ne, laƙabin yana nuni ga irin aikin da ya yi, in kuwa na baya-bayan nan ne, yana nuni ga irin ƙaunar da mutanensa ke yi masa.

Na uku, kada ka rubuta laƙabi tsirara ba tare da ka faɗi harshen da ake nufi ba. Adikavi ba mutum ɗaya ba ne. Masu harshen Kannada suna da nasu, Pampa, na ƙarni na 10, masu Telugu suna da Nannaya na ƙarni na 11, mutanen Odisha suna da Sarala Das, 'yan Nefal kuma suna da Bhanubhakta Acharya, wanda aka haifa a 1814 ya mayar da Ramayana cikin harshensu. Sarkin Kano da Sarkin Zazzau duk sarakuna ne, amma kowa da ƙasarsa.

Ka kuma yi hattara da jera su daga babba zuwa ƙarami, domin kunne yakan yaudari mutum. Wanda ya ji maha zai zaci babu abin da ke samansa, amma Rajashekhara, wanda ya rayu wajen shekarar 900, ya kasa mawaƙa mataki goma a littafinsa na nazarin waƙa, ya ɗora Kaviraja a saman Mahakavi, bisa hujjar cewa shi Kaviraja ya iya sarrafa harsuna daban-daban da salo daban-daban. Ba zan ɓoye ba, da na ga cewa shi kansa Rajashekhara da Kaviraja yake kiran kansa sai na yi dariya, domin mun saba ganin mawaƙin da ke yi wa kansa kirari tun kafin maroƙa su buɗe baki. Wannan kalma ta Kaviraja tana da wasu tarkuna biyu. A rubutun da ke jikin ginshiƙin Allahabad an kira sarki Samudragupta da Kaviraja, kuma shi sarki ne na gaske mai rundunar yaƙi, bafadensa ne ke yabonsa da fasaha. A yankin Bengal kuwa Kabiraj, wato Kaviraja a lafazinsu, mai maganin gargajiya ne, don haka in ka ga sunan a jikin allon shago, ba gidan mawaƙi ka zo ba. Shi ma Mahamahopadhyaya, duk da tsawonsa, na manyan malaman Sanskirit ne, ba na mawaƙa ba.

Sai batun sa shi a takarda. Shawarata ita ce ka bar laƙabin da harafinsa na asali a karon farko, har da harafin nan v da babu shi a abacadarmu, domin mai karatu ya iya nemansa a intanet, sannan ka bi shi da fassara nan take a cikin jimlar. Mai gabatarwa a rediyo yana iya furta harafin v ɗin da "ba" ko "wa", bai kuma yi laifi ba, tun da su kansu mutanen Bengal kobi suke cewa a maimakon kavi, shi ya sa suke kiran Rabindranath Tagore, wanda ya ci kyautar Nobel a 1913, da Bishwakobi, mawaƙin duniya. Wajen fassara, "babban mawaƙi" ya yi wa Mahakavi kaɗan, domin a bakinmu ko mawaƙin biki mai amshi huɗu babban mawaƙi ne. "Hamshaƙin sha'iri" ya fi kusa, saboda kalmar sha'iri tana kai hankalin Bahaushe ga rubutacciyar waƙa. Kavikulaguru ya zauna daram da "shehin mawaƙa". "Sarkin Mawaƙa" kuwa ka tanade shi ga wanda ka tabbatar fada ce ta ba shi, kamar yadda almajiran Larabci suka fi keɓe laƙabin Amirush Shu'ara, wato sarkin mawaƙa, ga Ahmad Shauƙi, wanda mawaƙan Larabawa suka yi wa mubaya'a a Alƙahira a 1927. Kada kuma ka tara masa Malam ko Shehi a gaban nasa laƙabin, ya zama rawani a kan rawani.

Kafin a kira magariba muka goge jimlar yaron, ya sake rubuta ta da hannunsa kamar haka: "Bharati, wanda masu harshen Tamil ke kira Mahakavi, wato hamshaƙin sha'iri, ya rasu a 1921, lokacin da Devkota, wanda 'yan Nefal za su yi wa wannan laƙabi daga baya, yake ɗan shekara goma sha ɗaya zuwa sha biyu." Ya naɗe takardunsa, ya ce akwai sauran Kabiraj guda biyu a shafi na bakwai da zai koma ya bincika ko mawaƙa ne ko masu magani.