Darasi na Tara: Kajin Gida a Lokacin Hunturu, da Abin Yi Idan Kare Ya Kwanta Ciwo

Garin Jos yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200 daga matakin teku, shi ya sa ya fi yawancin garuruwan Najeriya sanyi. A watannin Disamba da Janairu, idan iskar hunturu ta taso daga arewa maso gabas, ma'aunin zafi yakan sauko zuwa kusan digiri 10 da asuba, kuma duk wanda ya taɓa yin alwalar asuba a Anguwar Rogo ko Gangare ko Bukuru ba ya bukatar a yi masa bayanin wannan sanyi. A daidai wannan lokaci ne masu kiwon kaji a bayan gida suka fi yin asara, kuma akasarinsu sukan ce sanyi ne ya kashe musu kaji. Maganar tana da gyara. Babbar kaza mai ƙoshin lafiya tana da gashin da ya ishe ta, domin idan ta hau sanda ta bubbuɗa gashinta ta rufe ƙafafunta, ɗumin jikinta ba ya fita. Abin da ke kayar da ita shi ne laima a ƙarƙashinta, da iskar da ke bugun ta kai tsaye cikin dare, da kuma annobar da ke yawo a wannan lokaci.

Akurki

Ku fara da tsayawa a bakin akurki da yamma, ku lura da ɓangaren da iska ke shigowa. Wannan ɓangaren ne za ku rufe da buhu ko tsohuwar tabarma, daga ƙasa har zuwa sama da inda kaji ke kwana. Amma kada ku toshe akurki gaba ɗaya da leda, kamar yadda wasu ke yi saboda tausayi. Kaji suna fitar da tururi da numfashinsu, kashinsu kuma yana fitar da wani wari mai yaji, kuma idan waɗannan ba su sami mafita ba sai su taru su jiƙa shimfiɗa, su ƙona idon kaza da maƙogwaronta, daga nan sai mura da tari. A bar ƙofar iska a can sama kusa da rufi. Gwajin mai sauƙi ne: idan kun buɗe akurki da safe kun leƙa, kuka ji idonku yana yaji, to iskar ciki ba ta isa ba.

A ƙasa kuma a zuba ɓuntun shinkafa ko ɓurɓushin katako mai kauri kamar faɗin tafin hannu. Ana samun ɓurɓushin a wajen masu yankan katako, irin na Kasuwar Katako. Ku damƙi kaɗan a hannu, idan ya dunƙule ya manne to ya jiƙe, sai a kwashe a kai lambu ya zama taki, a zuba sabo. A gicciya sanda mai kauri nesa da ƙasa domin kaji su hau su kwana, a kuma ajiye musu kasko na busasshiyar toka da yashi a inda rana ke faɗa, su yi birgima a ciki, domin hakan yana rage musu ƙuma da ƙwarƙwata.

'Yan tsaki su ne sanyi ke kashewa da gaske. A makonsu na farko suna bukatar ɗumi na wajen digiri 32 zuwa 35, kuma ba sa iya riƙe zafin jikinsu sai gashinsu ya cika, wajen mako biyar ko shida. Idan suna tare da uwarsu, a tsare ta a cikin kwando ko ɗaki har rana ta ɗaga, kada ta ja su cikin iskar asuba. Idan na saye ne marasa uwa, a sa musu ƙwan lantarki ko fitila, a riƙa duban zamansu: in sun cunkushe wuri ɗaya suna kuka, sanyi suke ji, in kuma sun gudu gefe suna haki, zafi ya yi yawa. Mai amfani da gawayi ya yi hattara ƙwarai, domin gawayi a rufaffen ɗaki yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, kuma tana kashe kaza da mutum baki ɗaya. Kada a taɓa kwana ɗaki ɗaya da kaskon gawayin.

Abinci ba ya bukatar dogon bayani. Kaza tana ci da yawa a lokacin sanyi, ga shi ƙwari da ciyawa sun yi ƙaranci, don haka a ƙara mata dusa da safe, a watsa mata masara ko dawa kafin magariba ta kwana da cikakken ciki. Ruwa kuwa a canza shi kullum, domin ƙurar hunturu tana saurin ɓata shi.

Annobar kaji

Cutar da ta fi share akurki a wannan lokaci ita ce wadda likitocin dabbobi ke kira Niyukasil. Kaza takan yi zugum ta saki fukafukai kamar wadda ta yafa mayafi, ta yi kashi kore mai ruwa, ta riƙa buɗe baki tana neman numfashi, wata kuma wuyanta ya murɗe. Cutar ba ta da magani idan ta shiga. Kafson nan ja da rawaya da ake fasawa a ruwa ba ya kashe ƙwayarta, barkono ma haka, kuma abin takaici ne a ga mutum ya kashe kuɗin da ya isa rigakafin kaji ashirin a kan maganin da ba zai tsinana komai ba. Mu mutanen Filato muna da gata a nan, domin cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta ƙasa tana Vom, kusa da Bukuru, tun 1924, kuma tana haɗa rigakafin wannan cuta, har da wanda ake ɗigawa a idon kaza. A yi shi tun watan Oktoba kafin sanyi ya kankama, a maimaita bayan wata uku ko huɗu, kuma lafiyayyun kaji kaɗai ake yi wa. Tun da kwalba ɗaya ta fi ƙarfin gida ɗaya, maƙwabta su haɗa kuɗi su kira ma'aikacin dabbobi rana ɗaya.

A watan Disamba kasuwar kaji takan cika saboda Kirsimeti da sabuwar shekara, kaji daga ƙauyuka daban-daban suna cakuɗa a keji ɗaya. Duk kazar da aka sayo, ko aka kai kasuwa ba ta sayu ba aka dawo da ita, a ware ta mako biyu kafin ta shiga cikin sauran. Idan kaji suka fara mutuwa da yawa cikin kwana ɗaya ko biyu, kada a yanka a ci, kada a kai kasuwa. A sanar da ofishin dabbobi, domin tana iya zama murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a Najeriya a 2006 kuma tana iya kama mutum. Mushen kuma a binne shi a rami mai zurfi, kada a jefa wa kare.

Kare marar lafiya

Karen da ke gadin gida da akurki yana da haƙƙi a kan mai shi, kuma mun san hadisin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Idan kare ya ƙi abinci ya kwanta, a shimfiɗa masa buhu a lungun da iska ba ta bugawa, nesa da yara da kaji, a ajiye masa ruwa mai tsabta. Idan yana amai, a riƙa ba shi ruwan kaɗan-kaɗan, in aman ya lafa a gwada shi da dafaffiyar shinkafa da ɗan nama marar mai. A duba kunnuwansa da tsakanin yatsunsa ko akwai kaska, domin tana jawo zazzaɓi da ƙarancin jini, kuma alamar hakan ita ce dasashinsa ya yi fari. Kada a ba shi maganin mutane. Farasitamol da magungunan ciwon jiki da muke sha suna iya lalata masa hanta ko ƙoda. Ɗan kwikwiyon da ke amai da gudawa mai jini ba ya jiran gobe, a kai shi asibitin dabbobi a ranar, haka ma babban karen da ya wuce kwana biyu bai ci ba.

Akwai ciwo ɗaya da ba a jinyarsa a gida, wato haukan kare. Idan halin kare ya sauya farat ɗaya, yana dalalar da miyau, ya kasa haɗiya, muryarsa ta canza, yana cizon itace ko dutse ko mai gidansa, ko kuma muƙamuƙinsa ya saki, to kada kowa ya sa hannu a bakinsa da sunan cire ƙashi. A kulle shi idan hakan zai yiwu ba tare da haɗari ba, a kira likitan dabbobi. Wanda karen ya ciza ko ya yakusa ya wanke wurin nan take da sabulu da ruwa mai gudana na tsawon minti 15, sannan ya tafi asibiti a ranar domin allura, ko da raunin ƙarami ne, saboda idan alamun cutar suka bayyana a jikin mutum kusan babu mai tashi. Ana fara yi wa kare rigakafin wannan ciwo ne yana ɗan wata uku, a kuma sabunta shi kowace shekara.

Aikin gida

Kowane ɗalibi ya samo ƙaramin littafin rubutu, ya rubuta yawan kajinsa a shafin farko, ya raba su: zakaru nawa, kaji nawa, 'yan tsaki nawa. A shafi na biyu ya rubuta ranar da aka yi musu rigakafi na ƙarshe, ya ƙirga wata uku ya rubuta ranar na gaba. Mai kare ya zo da katin allurarsa aji mako mai zuwa, za mu karanta kwanan watan da ke jiki tare.