Yadda za ka yi tafiya da maiɗakinka a Turai idan kai kaɗai ne mai fasfo biyu

Idan Allah ya sa ka samu fasfon wata ƙasa ta Tarayyar Turai, ga kuma na Najeriya ko Nijar ko Gana a hannunka, amma maiɗakinka na gida kawai gare ta, to ka sani auren da ke tsakaninku bai ɗauke mata biza ba. Abin da ya ba ta shi ne haƙƙi na musamman a ƙarƙashin dokar Tarayyar Turai mai lamba 2004/38, wadda aka yi a Afrilun 2004. Dokar ta ce wani lokaci maiɗakin taka za ta shiga ba biza, wani lokaci kuma za a ba ta bizar kyauta cikin hanzari. Yana damuna in ga 'yan'uwa suna biyan kuɗin da ba a ɗora musu ba, suna tara takardun banki da ba wanda ya isa ya tambaye su, don kawai ba su san abin da ke hannunsu ba. Duk bayanin nan ya hau kan namiji ma, idan matar ce mai fasfon Turai.

Mataki na farko: ka tantance ƙasar da za ku

A nan akasarin masu fasfo biyu ke tuntuɓe. Dokar ta 2004 an yi ta ne don ɗan wata ƙasar Tarayyar da ya fita zuwa wata ƙasar Tarayyar daban. Idan ƙasar da ta ba ka fasfo za ku shiga, dokar ba ta aiki, sai dokar cikin gida ta ƙasar. Mai fasfon Jamus da zai kai matarsa Faransa ko Sifen yana cikin inuwar dokar. Shi ɗin dai idan Jamus zai kawo ta su zauna, za a bi da shi ta dokar Jamus, wadda a bisa ƙa'ida take neman matar ta ci jarrabawar Jamusanci ta matakin farko, wato A1, tun kafin ta taso. Maƙwabcinsa mai fasfon Italiya da ke aiki a gari ɗaya da shi ba a neman wannan daga matarsa. A ganina wannan ba adalci ba ne, amma haka tsarin yake, kuma gara ka san shi tun kana shiri.

Kada ka yi tsammanin fasfo na biyu zai zama dabarar kaucewa. Kotun Tarayyar Turai da ke Luksamburg ta rufe wannan ƙofa a 2011, a shari'ar Shirley McCarthy, mai fasfon Birtaniya da na Ayalan, wadda duk rayuwarta a Birtaniya ta yi. Ta nemi a bai wa mijinta ɗan Jamaika izinin zama bisa fasfonta na Ayalan, kotun ta ce tunda ba ta taɓa ƙaura ba, ba ta da wannan hurumin.

Akwai hanyoyi biyu da kotun ta bari a buɗe. Tun 1992, a shari'ar Surinder Singh, ta ce wanda ya zauna da iyalinsa a wata ƙasar Tarayyar zama na gaskiya, sannan ya dawo ƙasarsa, zai dawo da haƙƙinsa. Sai shari'ar Lounes a 2017: wata 'yar Sifen ta koma Birtaniya, ta zauna har ta karɓi fasfon ƙasar ba tare da ta saki na Sifen ba, ta auri ɗan Aljeriya mai suna Lounes. Kotun ta ce zama 'yar ƙasa bai cinye mata haƙƙin zama da mijinta ba. Wannan ya shafi, alal misali, wanda ya fara samun fasfon Italiya, ya koma Jamus, daga baya ya ƙara da na Jamus.

Birtaniya kuwa cire ta daga lissafi. Tun ƙarshen 2020 ba ta cikin wannan tsari, maiɗakinka sai ta nemi bizar Birtaniya kamar kowa.

Mataki na biyu: ka duba irin katin da ke hannunta

Idan tuni kuna zaune a Turai, ɗauko katin zamanta ka karanta abin da aka rubuta a jikinsa, domin iri biyu ne kuma ƙarfinsu ba ɗaya ba. Akwai katin iyalin ɗan Tarayyar Turai, wanda sashe na 10 na dokar ya tanada. Ana ba da shi idan kana zaune fiye da wata uku a ƙasar da ba taka ba, kana aiki ko sana'a ko karatu, ko kana da abin riƙe kanka da inshorar lafiya. Dole a fitar da shi cikin wata shida da nema, kuma yakan yi shekara 5. Wannan katin shi ne ke ɗauke biza. Da shi da fasfonta mai rai za ta bi ka duk ƙasashe 27 na Tarayyar, har da Ayalan da ba ta cikin yankin Shengen (wato ƙasashen Turai da suka ɗauke binciken iyaka a tsakaninsu), da Norwe da Aisland da Liktenstain. Katin zaman dindindin da ake bayarwa bayan shekara 5 shi ma haka, kotun ta tabbatar a 2020.

Ɗayan shi ne katin zama na cikin gida, wanda ake ba matar ɗan ƙasa. Idan ƙasar Shengen ce ta bayar, za ta zaga sauran ƙasashen Shengen kwana 90 a cikin kowane 180, amma ba zai shigar da ita Ayalan ba. Idan kuma Ayalan ce ta bayar, kamar hatimin Stamp 4 da matar ɗan Ayalan ke samu, sai ta nemi biza kafin ku je Faris. Bambancinta da sauran jama'a shi ne tata kyauta ce.

Mataki na uku: ka gyara takardar aure tun da wuri

Komai ya rataya ne a kan shaidar cewa ita matarka ce, kuma a nan al'adarmu da tsarin ofisoshinsu ke yawan karo. An ɗaura aure a ƙofar gida ko a masallaci, waliyyi ya bayar, wakilin ango ya karɓa, an biya sadaki a gaban shaidu, an shafa fatiha. A addini aure ya tabbata. Ma'aikacin ofishin jakadanci kuwa takarda yake so ya gani, wadda hukuma ta fitar. Ku je ku yi rajista inda dokar ƙasarku ta amince, ku karɓi shaidar, ku kai ma'aikatar harkokin waje ta buga hatimi, sannan ku tambayi ofishin jakadancin ko suna son fassara. Ofisoshin Jamus a Najeriya kan sa a binciki takardun tun daga tushe, abin kuma yakan ɗauki watanni.

Ka duba rubutun sunaye harafi bayan harafi. Muhammad a fasfo, Mohammed a takardar aure, Mamman a takardar haihuwa: wannan kaɗai ya isa ya tsayar da fayil. Idan ba ka halarci ɗaurin auren da kanka ba, ka tanadi shaidar cewa kai ka wakilta wakilin, domin wasu ƙasashen suna zurfafa bincike a kan auren wakilci. Haka suke yi idan amarya ba ta kai shekara 18 ba lokacin ɗaurin. Mai mace fiye da ɗaya ya sani cewa ɗaya kawai za a karɓa.

Abin farin ciki, ba a duba inda aka ɗaura auren ko lokacin. Shari'ar Blaise Metock, ɗan Kamaru da ya yi aure a Ayalan, ta tabbatar a 2008 cewa ba sharaɗi ba ne sai wanda aka aura ya taɓa zaman halal a wata ƙasar Tarayyar.

Mataki na huɗu: ku nemi bizar ta hanyar iyali

Idan tana gida, ko katinta bai ɗauke biza ba, ta cike fom ɗin Shengen, ta rubuta bayananka a gurbin ɗan'uwa ɗan Tarayyar Turai. Guraben da aka sa wa alamar tauraro, irin na wurin aiki da wanda zai ɗauki nauyin tafiya, ba sai ta cike ba. Abu huɗu za ta haɗa: fasfonta, hoton fasfonka na Turai, takardar aure, da abin da ke nuna tare za ku ko kuma wurinka za ta je. Wasiƙa gajera da sa hannunka tana taimakawa. Ba a neman takardar banki, ko ta wurin aiki, ko otal, ko tikitin dawowa, ko inshorar tafiya. Kuɗin biza na Yuro 90 da ake biya tun Yunin 2024 ba ya kanta. Tana da damar miƙa takardunta kai tsaye ga ofishin jakadanci, ba lallai sai ta kamfanin karɓar takardu mai cajin ladan aiki ba. Ku rubuta wa ofishin imel ku ambaci sashe na 5 na dokar 2004/38, ku nemi ranar ganawa. Ƙa'idar Hukumar Tarayyar ita ce kada amsa ta wuce kwana 15 sai da dalili mai ƙarfi.

Mataki na biyar: ranar tafiya

Ka nuna fasfon Turai a iyakar Turai, ka nuna na gida idan kun sauka Kano ko Abuja ko Yamai. Takardar aure ta asali ta kasance a jakar hannu. Idan kuna tare, za ku bi layin 'yan Tarayyar ku biyu.

Dokar ta ce idan matar ta iso iyaka ba biza, a ba ta damar tabbatar da aurenta kafin a mayar da ita, kuma kotun ta faɗi haka tun 2002. Kada ku gina tafiya a kan wannan. Kamfanonin jiragen sama ana cin su tara idan suka ɗauko fasinja mara takardu, don haka tun a filin jirgin gida za a hana ta hawa.

Mataki na shida: idan aka ƙi

Ku nemi dalilin a rubuce, da bayanin inda za ku ɗaukaka ƙara da wa'adin yin hakan. Ba a yarda a hana ta don zargin ba za ta dawo gida ba, ko don kuɗinta kaɗan ne. Dalilan da doka ta sani su ne rashin tabbatar da auren, ko auren bogi da takardun jabu, ko barazana ga tsaro da lafiyar jama'a. Kana kuma iya kai koke ga SOLVIT, cibiyar Tarayyar Turai mai warware irin wannan saɓani tsakanin jama'a da hukumomi. Ta intanet ake shigar da koken, kyauta ne, kuma suna ƙoƙarin kammalawa cikin mako 10. Ka haɗa da hoton takardar ƙin da duk imel ɗin da kuka yi musaya da ofishin, sannan kada jiran amsarsu ya sa wa'adin ɗaukaka ƙara ya wuce ku.