Yadda Ake Shiga Duniyar Zork Ba Tare Da Dodo Ya Cinye Ka Ba

Zork wasan kwamfuta ne da babu hoto ko ɗaya a cikinsa. Wasan zai rubuta maka inda kake, kai kuma ka rubuta abin da za ka yi. Wasu matasa huɗu ne suka fara haɗa shi a jami'ar MIT ta Amurka a 1977, kamfanin Infocom ya shirya kashin farko, aka fitar da shi kasuwa a 1980. Ba ya cin data, ba ya zuƙe caji, don haka ya dace da mai zaman cunkoson Nyanya zuwa AYA da safe, matuƙar ba shi ke tuƙi ba.

Abu biyu za ka nema: fayil ɗin wasan da manhajar da ke buɗe shi. Frotz a iPhone, Fabularium a Android, Gargoyle a kwamfuta. Kafin komai kashe gyaran rubutu na waya, in ba haka ba ta riƙa sauya maka kalmomi, wasan kuma ya ce bai gane ba.

Turanci yake ji, amma na ƙwadago: aiki da abin da za a yi wa aikin, kamar open mailbox. Harafin n, s, e, w shi ne arewa, kudu, gabas, yamma. U sama, d ƙasa. I ya nuna kayan da ke hannunka. Rubuta verbose tun farko don ya riƙa bayanin kowane ɗaki cikakke.

Za ka tsinci kanka a yammacin wani farin gida, an rufe ƙofarsa da katako. Kada ka ɓata lokaci a kanta, ba ta buɗuwa. Zagaya baya, akwai taga a ɗan buɗe. Ta nan za ka faɗa kicin, ka yi yamma zuwa falo, ka ɗauki fitila da takobi. Janye dardumar da ke tsakar ɗakin, ƙofar ƙasa na nan. Kunna fitila kafin ka sauka, domin da ka shiga za a garƙame ƙofar a bayanka, kuma a duhu akwai dodon da ake kira grue, wanda ba ya ciniki. Amma batirin fitilar ƙarewa yake, sai ka yi mata irin tattalin da ake yi wa caji ranar da babu wuta: duk inda akwai haske, kashe ta.

Arewa da inda ka sauka akwai ƙato mai gatari. Rubuta save ka adana inda ka kai kafin ka tunkare shi, don faɗan sa'a ne, yau ka kayar da shi, gobe ya kayar da kai. Idan takobin ya fara shuɗin haske, maƙiyi na kusa.

Inda aka fi asara shi ne ƙwan lu'ulu'u da ke kan bishiya a daji. Hannu zai yi ta ƙaiƙayin buɗe shi. Bari. Ka fasa da kanka, tsuntsun ciki ya lalace, makinka ya ragu. Ɓarawon da ke yawo a ƙarƙashin ƙasa shi ne ya iya buɗe shi, saboda haka a bar shi ya sace, a karɓo daga baya. Wato dai wasan na koya maka cewa wani aikin sai ɓarawo.

A madatsar ruwan da wasan ke kira Dam #3 tsaya ka karanta takardar baƙi. Wani sarki mai almubazzaranci, Dimwit Flathead, ya zuba miliyan 37 na kuɗin ƙasarsa a ginin, takardar kuwa sai kirari take masa. Mutumin Abuja ba ya buƙatar a fassara masa wannan barkwanci. A ɗakin gyara danna maɓalli rawaya, ka ɗauki sifana ka juya kusar da ke kan madatsar. Shuɗin maɓallin bututu yake fasawa, ruwa ya cika ɗakin.

Sai takarda da biro. Kowane ɗaki a zana masa akwati da layin hanyoyinsa, domin tafiya arewa ba ta nufin kudu zai dawo da kai. A cikin ruɗaɗɗun lunguna, inda duk ɗakunan iri ɗaya ne, ajiye kaya ɗaya a kowanne ya zama alama, kana sane cewa ɓarawon kan bi baya ya kwashe. Dukiyar da ka samo, kai ta akwatin gilashi na falo. Sai ta shiga ciki ake cika maka makinta, jimillar maki kuwa 350 ce.