Yadda ake fatsa don sauke damuwa a lokacin annoba

Zaman kulle yakan cushe zuciya, fatsa kuma tana warware ta, domin ido yana kan abu guda a saman ruwa, hankali ba ya samun sararin komawa kan labarin cuta. Ga shi a fili ake yin ta, inda iska ke kaɗawa, alhali cuta irin korona ta fi yaɗuwa a rufaffen ɗaki.

Kayan ba su da yawa: sanda mai tsawon mita 3 zuwa 4, zaren roba mai kaurin milimita 0.20 zuwa 0.25, ƙugiya lamba 10 ko 12, 'yar dalma, tana (tsutsar ƙasa) da za ka soka a ƙugiya, da toshiyar kwalba wadda za ta yi yawo a saman ruwa ta zama alama. Wajen ɗaura ƙugiya a zaren, ka jiƙa ƙullin da ruwa kafin ka ja shi, domin busasshen zare yakan yi zafi wajen gogayya ya tsinke daidai wurin. Dalmar ta zauna santimita 15 zuwa 20 sama da ƙugiya.

Inda sababbi suka fi yin kuskure shi ne zurfi. Ka fara jefa dalma mai ɗan nauyi, ka riƙa matsar da toshiyar har ka gano ƙasan ruwan, sannan ka daidaita ta yadda tana za ta tsaya kusa da ƙasa. Idan toshiyar ta kwanta, dalma ta zauna a ƙasa, sai ka rage zurfi. Idan toshiyar ta nutse tun kifi bai taɓa ba, nauyi ya yi yawa. In toshiyar na ɗan rawa, kifi na ɗanɗanawa ne. Ka dakata har ta nutse ko ta yi gefe, sannan ka ɗaga sandar da wuyan hannu. Fizga da ƙarfi tana yaga bakin kifi.

Da asuba da yamma kifi ya fi ci. Da tsakar rana a lokacin zafi yakan gangara ƙasa ya lafa.

Ka bar mita 2 tsakaninka da na kusa da kai, kada ku yi aron kaya. Man tsabtace hannu ya kasance mai sinadarin alkohol kashi 60 aƙalla, amma ka ɗauraye hannu da ruwa kafin ka taɓa tana, don warinsa yana bin ta. Mai zazzaɓi ko tari ya zauna a gida. Ka kuma duba dokar fita da ta lasisin kamun kifi a inda kake.

Wayarka ta yi shiru a jaka. Sa'a biyu ta isa, kuma kada ka ɗora wa kanka adadin kifin da za ka kama, don wannan ma wata damuwar ce. Kifin da za ka saki, ka kama shi da jiƙaƙƙen hannu don kada ka goge yauƙin da ke kare fatarsa. Da ka ji tsawa, ka kwantar da sandar ka bar bakin ruwa.